Ajiyar Buzuwa

Manchesta, Ingila
Ranar Babbar Sallah, 10 ga Zulhajji

Assalamu alaikum.

Umma, barka da Sallah. Ina fata kun sauko Idi lafiya, an yanka lafiya. Allah Ya karɓi ibada, Ya maimaita mana, Ya jiƙan Baba da Kaka da duk waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ina gaida Abba da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu in ya shigo cin tuwon Sallah, don na san ba zai fasa ba. Mu nan ƙalau muke, ni da baban yara da jikokinki biyu.

Auta, na san ke za a miƙa wa wayar ki karanta. Ki bi a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki. In kin ga Umma ta ba ki baya tana juya kayan ciki a kasko kamar ba da ita ake ba, ki ci gaba abinki. Tana ji.

Mun yi Idi a wani makeken filin shaƙatawa da ake kira Platt Fields. 'Yan Pakistan ne suka fi yawa, sai Somaliyawa, Larabawa, Yarbawa da manyan gwaggwaronsu, da 'yan Sudan cikin farar jallabiya. An shimfiɗa leda a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ana yayyafi, ni kuwa ga leshi ga rigar sanyi a kai, ado ya tashi a banza. Rago kam ko kukansa ba mu ji ba. Doka ba ta yarda a yi yanka a gida ba, sai dai ka biya mahauci, a yanka a mayanka bayan an sauko Idi, gobe ko jibi ka je ka karɓo nama a leda kamar wanda ya yi cefane. Bara da aka kawo, ƙaramin jikanki ya leƙa ledar ya ce, "Ina kansa?" Shi ya sa bana na turo kuɗin layyarmu gida.

A wannan watan rana ba ta faɗuwa a nan sai tara da rabi ta gota, amma agogonmu ɗaya da naku har sanyi ya shigo. Saboda haka na san abin da kowa ke yi yanzu. An yi la'asar, rago na rataye, yara sun dawo yawon Sallah suna ƙirga kuɗinsu a zaure, Gwaggo na faɗan an ɓoye mata hanta.

Za ki ce me ya hana ni kira. Ai na kira da safe, kuma kin san yadda hirarmu take: lafiya, lafiya lau, ya yaran, to madalla, ga ƙanwarki. Shekara huɗu ke nan ba mu wuce nan ba. Ga shi ina da magana biyu da ba za su shiga wannan tsakanin ba.

Ta farko, Abba ya turo min saƙo cewa saboda bikin Auta ana shawarar a sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinarin da kika sayo a Makka, a haɗa da abin da ke cikin adudun Kaka, a yi kayan ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma na san magana tana da sauƙi a bakin wadda ake biya da fam. Zinarin naki ne, Umma. Don irin wannan ranar mace take sayensa, asusu ne da ake ratayawa a wuya, ga shi kuɗinsa ya tashi. In kin ga a sayar, a sayar, ba zan ce uffan ba. Amma adudun Kaka ina roƙo a bar shi. Munduwa biyun nan, da murjanin, da tasar tagulla, da kwabo mai hujin da ta zura a zare, in an kai su Kurmi a sikeli za a ɗora, kuma kuɗin da za a bayar ko labule ba zai saya ba. Abba, ka tambayo min nawa za su yi, in albashi ya shigo ƙarshen wata in turo ninkinsa. Ka ɗauka ni na saya, na bar wa Umma ajiya.

Ta biyu ita ce mai nauyin. Zoben nan ya taɓa ɓata a hannuna, kwana uku cur, tun cikin sanyin da ya wuce, ban gaya wa kowa ba. Kada gabanki ya faɗi, ga shi nan a yatsana ina rubutu. Sai dai kafin in faɗi yadda aka yi, bari in ba Auta asalinsa, don ita ba ta yi wayo da Kaka ba, kuma na tabbata ke ba za ki ba ta ba.

Auta, zoben azurfar da kika buɗe ido kika gani a hannun Umma ba na gidanmu ba ne. Kaka kan ce ya shigo gidan ne shekarar da aka canza kuɗi, wato 1973, da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. Ita dai har ta koma ga Allah ba ta yarda da canjin ba, naira biyu fam ce a wurinta, naira ɗari biyu jaka. A shekarar ne fari ya ci ƙasar Azbin, dabbobi suka ƙare, Buzaye suka gangaro Kano da Katsina da Sakkwato. Mazansu suka kama gadi, matansu suna sayar da abin hannunsu da na wuyansu don su ci abinci. Wata Buzuwa da 'ya'yanta biyu ta sauka a soron gidan Kaka. Umma tana yarinya a lokacin, ita ake aike da kwanon kunu da safe, da na tuwo da dare, alhali gero ya yi tsadar da masu gidan ma aunawa suke. Wata uku suka yi. Ƙyanda ta kama ƙaramin yaron, ya rasu a nan soron, mazan unguwa suka kai shi.

Ranar da za ta tafi sai ta zare zoben ta miƙa. Kaka ta ce a gidan nan fura ake sayarwa, ba a sayar da tuwo. Matar ta yi shiru, can ta ce to a ajiye mata, za ta dawo ta karɓa. Kaka ta ce wannan kam ta yarda. Ba ta dawo ba. Kaka ta sa shi a yatsa wai don kada ya ɓata, kuma ko sau ɗaya ban ji ta ce zobena ba, sai dai ajiyar Buzuwa. Da aka zo rabon gadonta malam ya ware shi gefe, ya ce amana ba ta shiga gado, a samu mai riƙewa. Umma ta riƙe.

Ni a ɗakin Kaka na tashi, kamar yadda ake yi da 'yar fari, saboda haka na san zoben nan da kunne kafin in san shi da ido. In tana dama fura yana bugun bakin ƙwarya, ƙwas, ƙwas. In ta ga na yi lamo a gado lokacin makarantar allo, da shi take ƙwanƙwasa min goshi tana cewa, "Tashi, kishiya, mijin namu ba ya son raguwa." Ɗazu ina juya miyar taushe ya bugi bakin tukunya, wallahi sai da na waiga.

Umma, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yau nisa ya ba ni bakin da ba ni da shi a gabanki. Na girma ina ji kina kiran sunan kowa ban da nawa. Ni ce "waccan", ni ce "'yar gidan Kaka". Ranar da aka kai ni ɗakin miji kina madafa. Na san kunya ce, na san haka aka yi miki, amma sanin al'ada ba ya hana yaro jin abu a ransa. Daren da zan taho na durƙusa a ƙofar ɗakinki, kika ce "Allah Ya kiyaye hanya" kina ninke kayan da tuni an ninke su. Ba ki raka ni filin jirgin Malam Aminu Kano ba. Sai da aka kira mu shiga Gwaggo ta danƙa min wani ƙullin ƙyalle, ta ce, "Uwarki ta ce a ba ki." Na zata kanwa ce ko jan yaji aka manta ba a sa cikin kuka da daddawa ba. Muna sama na kwance. Ƙyallen na gane shi, gefen tsohuwar atamfarki ce mai ruwan ganye. Matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri, ta ɗauka tsoron jirgi ne.

Da na fara aiki sai na tarar ba zan iya sa zoben da na samu a ƙullin ba. A asibitocin ƙasar nan tun 2007 ƙa'ida ce ma'aikacin jinya ya bar hannunsa fayau daga gwiwar hannu zuwa yatsu: ba agogo, ba awarwaro, ba dogon hannun riga. Zobe ɗaya aka yarda da shi, sumul wanda ba dutse, don ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a lungun ado. Namu kuwa kin san kansa a tashe yake, duk zanen maƙeran Buzaye ne. Sai na zura shi a baƙin zare na rataya a wuya, cikin riga.

Mutanen nan da muke cewa ba su da zumunci, a kan zobe na ga wani gefe nasu. Mu ba mu gaji zoben aure ba, su kuwa shi ne auren. In za a shiga da tsohuwa tiyata sau da yawa ba ta yarda a cire, sai dai mu naɗe shi da filasta. Akwai wani tsoho da gigin tsufa ya kama, 'ya'yansa na zuwa yana tambayarsu su wane ne, amma yini yake yana murza zoben hannunsa, in ka taɓa wurin ya janye. Wata kuma yatsanta ya kumbura har jini ya daina zagayawa, dole aka kawo abin yanka zobe. Shekara sittin da ɗoriya bai fita daga hannunta ba, mijin ya daɗe da mutuwa. Allura ba ta sa ta kuka ba, ɗinki bai sa ta ba, amma da ƙarfen nan ya ce ƙaras sai ta rushe. Na tattara gutsayen biyu na sa mata a tafin hannu na dunƙule. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne takardar da muke cikewa ta kayan majiyyaci. Ba a yarda mu rubuta zinari ko azurfa ba, tunda mu ba maƙera ba ne, sai dai mu ce zobe ɗaya na ƙarfe mai ruwan ɗorawa, ko na farin ƙarfe. Duk ranar da na rubuta haka sai na taɓa wuyana.

To, a watan Janairu na yi aikin dare uku a jere. Safiyar ƙarshe ina cikin bas, gari bai waye ba don a lokacin sai takwas ta wuce rana ke fitowa, na kai hannu wuya na ji zare kawai, ya tsinke. Na sauka a tasha ta gaba na koma. Na zazzage jaka, na duba ɗakin canza kaya, na bi kwandunan wanki, na tambayi ofishin da ake kai tsintuwa. Babu. Baban yara ya ce in yi haƙuri zai saya min wani. Ban tanka masa ba har washegari, Allah Ya ba shi haƙuri, shi da alheri ya nufa.

A kwanakin nan Baba na yi ta tunawa. Abba, ka tuna ranar da ka yar da agogon da ya sayo maka, kana kuka, ya zaunar da mu ya ba mu labarin zoben Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam? Na azurfa ne, an yi shi ne da zai aika wa sarakuna wasiƙa aka ce masa ba sa karanta takardar da ba hatimi. Aka zana Muhammadu Rasulullah a layi uku. Bayansa ya zauna a hannun Sayyidina Abubakar, sannan Sayyidina Umar, sannan Sayyidina Usman, har ranar da ya faɗa rijiyar Aris a Madina. Kwana uku ana yashe rijiyar ba a gan shi ba. Baba ya ce in wannan zoben ya ɓata duniya ba ta tashi ba, agogon roba ne zai hana mu cin tuwo? Na yi ta maimaita wa kaina wannan magana. Gaskiya ce, amma ba ta sa na yi barci ba. Da nawa ne da na haƙura. Abin da ke cina shi ne amanar da ta shekara hamsin a hannun mata biyu da ba su taɓa shiga aji ba, ta zo ta salwanta a hannun mai takardu.

Rana ta uku ina zaune a ɗakin canza kaya, ashe a fili nake ta innalillahi ina surutu ni kaɗai. Sai na ji an ce daga bayana, "'Yar'uwa, wannan naki ne?" Da Hausa, Umma. Wata baiwar Allah ce mai goge-goge, shekara biyu muna gaisawa da Turanci, na ɗauka Ashanti ce don an ce min daga Gana take. Ashe 'yar Zangon Kumasi ce, kakanninta fataken goro ne daga ƙasar Kano. Ta tsince shi a bayan akwatunan ajiye kaya. Ta ce tana gani ta san ba na Bature ba ne, kakarta tana da mai kama da shi, shi ya sa ta riƙe tana neman mai shi da kanta. Ban san lokacin da na rungume ta ba, da tsintsiyarta da komai. Yanzu haka tana falo ita da 'ya'yanta suna cin waina, tana yi min dariya wai Hausata ta littafi ce. Tana gaishe ki, ta ce a ce miki Maama, haka suke faɗa.

Bayan nan na ce zare ya isa haka. Na je wurin wani dattijo ɗan Yaman mai shagon azurfa in sayi sarƙa mai ƙwari. Ya karɓi zoben ya sa gilashi a ido ya daɗe yana juya shi. Ya ce babu hatimin zakin da Ingila ke buga wa azurfarta, kuma wannan da gaurayen jan ƙarfe kaɗan, irin na kuɗi. A ganinsa narkakken riyal ne, wanda tsofaffinmu ke ce wa liyari: kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza, mai nauyin giram 28. Ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar a jiki, fatake suna yawo da shi daga Yaman da Habasha har ƙetaren Sahara, maƙera suna narkawa suna yi wa mata ado. Ya ce uwarsa ma da shi aka yi mata munduwa. Na ce ikon Allah, ashe abin nan ya riga ni zama baƙo, Turai ma ba yau ya fara ganinta ba.

Na tambaye shi kuɗinsa, don in sani kawai. Abin da ya faɗa bai kai cefanen yini ɗaya ba. Sannan ya nuna min cikin zoben, wajen tafin hannu, inda ya siɗe ya baje har ya kusa tsinkewa, ya ce zai cike wurin ya wanke shi ya dawo sabo fil. Na ce a'a. Ya ce kyauta zai yi min. Na ce ba kuɗin ba ne. Taɓarya ce ta ci wurin, dakan furar Kaka na shekara da shekaru, da naki surfen, da igiyar guga. In ya cike, me zan nuna wa jikarki? Dattijon ya cire gilashin ya miƙo min, bai ƙara magana ba, ya rage min kuɗin sarƙa.

Ita jikar taki da safe ta ga na zare shi daga sarƙa na sa a yatsa, tunda yau ba aiki. Ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, in na mutu ita za a ba? Na ce ba nawa ba ne balle in bayar, na ba ta labarin Buzuwa. Ta yi jim, ta ce to me ya sa ba mu mayar mata ba? Na rasa amsa. Umma, Kaka kan ambaci garin matar, na manta ko Ingal ne ko cikin Agadas. Ke da kika kai mata kunu wata uku, kin riƙe sunanta? Kin riƙe na yaron da ya rayu? In yana nan yanzu ya yi jikoki. Ba na ce zan same su ba, amma ina so in rubuta a takarda in haɗa da ƙyallen atamfarki, don wadda za ta riƙe bayana ta san ajiyar wa take riƙe da ita. Ki faɗa wa Auta ta turo min, ba sai kin faɗa min da bakinki ba.

Abba, zoben Baba mai jan dutse da ya sayo a Madina yana wurinka. Na gan shi a hoton Idin bara, ya yi maka yawa kana naɗa masa zare. Ka kai a rage maka shi kafin ya faɗa kwata wurin alwala, ka ji daga bakin wadda ta ɗanɗana.

Auta, saura ke. Ki zaɓi labulenki da kujerunki yadda kike so, zamaninki ne, ba wanda zai ce ki yi jeren kwalla. Amma ranar kamu ki roƙi Umma ta ara miki munduwar Kaka ko ɗaya ce, ki sa a ɗauke ki hoto, ki mayar. Ina neman hutu, in an ba ni da ni za a yi, in ba a ba ni ba gudummawata za ta riga ni isowa. In an samu mai tahowa a aiko min da kuka da kuɓewa busasshiya, nama kam ko dambu ne ba a bari a shigo da shi, kada ku wahalar da kanku.

Umma, ɗazu da Auta ta juyo da waya kina zaune a kan tabarma ana gaisawa, na ga babban yatsanki yana shafa gindin ɗan yatsan da zoben yake zama. Har yanzu kina yi. Na gani, ban ce komai ba, na ce ki gaida Gwaggo.

A yafe min abin da na faɗa wanda bai kamata ba. A sa mu a addu'a. A ci nama lafiya.

Wassalam,
Waccan, 'yar gidan Kaka